Ba Fasto Ne Ya Mutu Dominka Ba

Ƙaunatattu cikin Kristi, salama a gare ku. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan iya yin shiru a kansa ba.

Wata 'yar'uwa da muka daɗe muna sujada tare ta ce mini ta daina zuwa coci. Addu'ar ma ta ajiye ta. Faston da ya yi mata baftisma, ya ɗaura mata aure, wanda take kira Baba, shi aka kama da abin kunya. Tana magana tana hawaye ta ce, "In har Baba zai yi haka, to wa ya rage? Ashe duk ƙarya ce." Ciwon da ke zuciyarta na gaske ne, wanda ya ji mata shi kuwa zai amsa a gaban Allah. Amma na yi mata tambaya ɗaya, ita nake yi muku yanzu: shi Yesu fa, me ya yi miki?

'Yan'uwa, mu gaya wa kanmu gaskiya. Da yawanmu sunan Yesu ne a baki, amma zuciya tana jingine da mutum. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa ta ɗauki waya cikin tsakar dare tana ta kiran fasto, wayar tana kashe, sai ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi, ta ce shi ke nan. Gwiwoyinta lafiya lau, bakinta lafiya lau, amma bai zo mata a rai ba cewa Allahn da take jira fasto ya roƙa yana nan cikin ɗakin tare da ita. Wani ba zai yi tafiya ba sai an ɗora masa hannu. Wata ta manna hoton bawan Allah a ƙofa don ya tsare gidan. Wani in zai yi addu'a sai ya ce "ya Allah na Babanmu", kamar shi ba shi da iznin kiran Allah Ubansa. Ka tambaye shi me ya sa ya gaskata abu kaza, ba zai ce a rubuce yake ba, sai dai ya ce, "Ai Baba ne ya faɗa."

Haba jama'ar Allah! Yaushe muka koma haka?

Ku buɗe 2 Tarihi sura 22 zuwa 24 ku ga sarki Yowash. Yana jariri aka ɓoye shi a Haikali shekara 6 don kada kakarsa, sarauniya Ataliya, ta kashe shi. Firist Yehoyada ne ya naɗa shi sarki yana ɗan shekara 7, shi ya riƙe shi, shi ya nemo masa mata. Nassi ya ce Yowash ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji dukan kwanakin Yehoyada. Har gyaran Haikali ya yi. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai rantse cewa ga mai tsoron Allah. Sai Yehoyada ya rasu yana da shekara 130. Shugabannin Yahuza suka zo suka rusuna wa sarki, ya kasa musu kunne, aka watsar da Haikali aka koma ga gumaka. Da Zakariya, ɗan Yehoyadan nan, ya tashi ya tsawata musu, Yowash da bakinsa ya ba da umarni aka jajjefe shi da duwatsu a farfajiyar Haikali. Ɗan mutumin da ya rene shi fa! Ku lura, Yehoyada bai faɗi cikin zunubi ba, mutumin kirki ne har aka binne shi tare da sarakuna. Mutuwa kawai ya yi. Duk shekarun nan Yowash bangaskiyar aro yake yawo da ita, ranar da mai ita ya tafi sai aka ga ba shi da tasa.

To kai fa? In aka yi wa fastonka canjin wurin aiki gobe, ko Ubangiji ya kira shi gida, me zai rage maka?

Bayin Allah na gaskiya ba su taɓa yarda a ɗora su inda muke ɗora namu ba. Karniliyus ya faɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya tashe shi ya ce shi ma mutum ne. A Listira, bayan gurgu ya warke, jama'a suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, su kuwa suka kyakketa tufafinsu suka ruga cikin taron suna hana su. Da ikkilisiyar Koranti ta rabu, wannan na Bulus, wancan na Afolos, wani na Kefas (wato Bitrus), Bulus ya tambaye su ko shi aka gicciye dominsu. Fasto guga ne, 'yan'uwa, Allah ne rijiyar. In guga ya tsinke, wa ke cewa rijiya ta ƙafe?

Na san abin da wani zai ce: "Kada ku taɓa shafaffena." Da wannan ayar ake rufe bakin mutane da yawa, har mace ta ga ana cutar ta ta kasa faɗa. To Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a gaban kowa, don ya ga ya kauce wa gaskiyar bishara. Annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda, shafaffen Allah, ya ce masa kai ne mutumin. Mutanen Biriya kuwa, Bulus da kansa ne yake musu wa'azi, amma kowace rana sai sun bincika Nassosi su ga ko haka ne, kuma yabon su aka yi a kan hakan. In aka auna wa'azin Bulus, wane ne fastonka da ba za a auna nasa ba?

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A 1978, a ƙasar Guyana, mutum fiye da 900 suka mutu rana ɗaya bisa umarnin shugabansu na addini, Jim Jones, cikinsu har da yara da yawa. A 2023, a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, an tono gawawwaki fiye da 400 na mutanen da aka koya musu su ƙi cin abinci har mutuwa wai don su sadu da Yesu. Waɗannan mutane Allah suka fito nema, kamar ni da kai. A hankali suka daina tambaya, suka bar mutum ɗaya yana ji musu muryar Allah. Ba banza Irmiya 17:5 ya kira mai dogara ga mutum la'ananne ba.

Ban ce ku raina shugabanninku ba, Allah ya kiyaye. Akwai fastoci masu aminci da suke kwana suna kuka a gaban Allah saboda tumakinsu, kuma Ibraniyawa 13 ta ce mu tuna da su, mu yi musu biyayya. Ku girmama su, ku kula da bukatunsu. Amma mutum tara yake bai cika goma ba. Idan kun mai da fasto abin da ba shi ba, kun ɗora masa kayan da za su karya shi. Yana fama da jaraba ba shi da wanda zai gaya wa, don duk kun ɗauka shi ba ya gajiya, ba ya faɗuwa. Wa ke yi masa addu'a a cikinku? Kullum shi ne zai yi muku?

Kai da shugaba ya ɓata wa rai har ka juya wa Ubangiji baya, ina roƙonka, ka dawo. Ka yi kukanka, ka faɗi abin da aka yi maka a gaban dattawan ikkilisiya, in ta kama ka canja wurin sujada ka canja. Amma kada ka hukunta Yesu da laifin da bai yi ba. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kuma labulen Haikali ya tsage tun ranar da ya mutu. Ba ka bukatar lambar wayar kowa kafin ka shiga.

Ina roƙonku saboda Allah, daren nan kafin ku kwanta, kowa ya durƙusa da kansa, ya buɗe Littafi Mai Tsarki da hannunsa, ya kira Allah Uba da bakinsa. Iyaye, ku koya wa 'ya'yanku haka tun suna ƙanana. Ku sa sunan fastonku cikin addu'ar nan, ku roƙa masa alheri da tsarewa. Ubangiji ya yi mana jinƙai, cikin sunan Yesu. Amin.