Kafin akwatin zaɓe ya dawo Maraɗi, a san wanda zai riƙe littafin kuɗin ƴan takara

Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a Nijar, kantomomi suka karɓi ragama, har da birnin Maraɗi da da'irorinsa uku. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, aka kuma ɗebi wa'adin shekara biyar na mulkin riƙon ƙwarya. Mai karatu na iya cewa to ina amfanin zancen kuɗin yaƙin neman zaɓe alhali babu zaɓen? Ai yanzu ne lokacinsa, tun ran gini tun ran zane. Dokar da za ta tilasta wa ɗan takara ya faɗi wanda ya ba shi kuɗi ba ta cika samun goyon baya ba idan waɗanda za ta ɗaure ne ke riƙe da alƙalamin. Duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, wannan babi ya kamata ya shiga ciki, kuma a rubuta shi daidai da yadda kuɗi ke yawo a Maraɗi.

Tsohon tsari bai rasa ƙa'ida ba. Dokar jam'iyyun siyasa ta watan Disambar 2010 ta ware wa jam'iyyu tallafin kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da gwamnati ke tarawa, ta kuma ce kowace jam'iyya ta kai lissafinta na shekara gaban kotun binciken kuɗin ƙasa. Amma idon wannan doka na kan uwar jam'iyya a Yamai, kuɗin zaɓen ƙaramar hukuma kuwa ba ta can yake bi ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, a 2011, da ranar 13 ga Disambar 2020, kuma mai jefa ƙuri'a a unguwar Zariya ko Bagalam bai taɓa tsayawa gaban allon ma'aikatar magajin gari ya karanta nawa jerin ƴan takarar unguwarsa ya kashe ba, balle wanda ya biya.

A tsarin da ake bi a nan kafin 2024, ba a zaɓen magajin gari kai tsaye. Jama'a na jefa wa jerin sunaye ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowane jeri ya samu, sannan kansilolin su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Wannan tsari ya buɗe wa kuɗi ƙofa uku. Akwai cinikin matsayi a jeri, domin wanda ke lamba ta biyu da wanda ke ta goma sha biyar ba ɗaya ba ne. Akwai kamfe kansa. Sai kuma kwanakin da ke tsakanin bayyana sakamako da zaman zaɓen magajin gari, inda ƙuri'ar kansila ɗaya ke iya juya komai. Dokar da ta tsaya ga ƴan kwanakin kamfe kawai ta tsare ƙofa ɗaya ta bar biyu a buɗe, kuma a ganina ta ƙarshen ce mafi tsada. Lissafi ya kamata ya fara aƙalla wata shida kafin zaɓe, a rufe shi ranar da aka naɗa magajin gari da mataimakansa.

Me mai kuɗi ke nema a ƙaramar hukuma? Yankan filaye da rabonsu, rumfunan kasuwa, tasha, karɓar harajin kasuwa, kwangilar kwasar shara da yashe magudanan ruwa kafin damina. Maraɗi gari ne na alhazai da fatauci, kuma ba laifi ba ne attajiri ya taimaki wanda yake so. Abin da talaka ke da haƙƙin sani shi ne, idan bayan wata takwas aka yanka filaye a bakin gari, ko sunan da ya fito a takardar rabo shi ne wanda ya zuba wa motocin kamfe mai.

Ga yadda aikin zai yiwu. Kowane jeri ya naɗa ma'aji guda tun ranar ajiye takardun takara, wanda ba ɗan takara ba ne, kuma duk kuɗin shiga da na fita su bi ta hannunsa. Hukumar zaɓe ta ba shi littafin rasit mai lambobi a jere, kowane shafi da kwafinsa, domin shafin da aka yage ya bar gurbin da za a tambaya. A buɗe asusu guda. A cikin birni banki ne, amma a karkarar Dakwaro ko Mayahi, inda reshen banki ke da nisa, a amince da asusun kamfanin aika kuɗi ko na wayar hannu, tunda su ma suna ajiye suna da rana da adadi. Wanda ya ce sai banki kaɗai ya rubuta dokar da rabin ƴan takara za su karya tun ranar farko ba da nufi ba.

Babban ramin shi ne gudummawar da ba tsabar kuɗi ba ce, kuma ita ce ta fi yawa a nan. Alhaji ba ya miƙa miliyan a hannu. Yakan ce a ɗauki motocinsa uku na kwana goma, a je gidan mansa a sha mai, a kwashi turmin atamfa hamsin a shagonsa, ko ya biya maroƙa da masu kiɗa da kansa. Idan takardar lissafi ba ta da gurbin wannan, jeri na iya cika gari da ayarin kabu-kabu sannan ya rubuta cewa jaka ɗari biyu, wato sefa dubu ɗari biyu, ya kashe, kuma a takarda bai yi ƙarya ba. Dole kowane abu a ƙiyasta shi da farashin kasuwa na ranar: hayar mota a yini, litar mai, buhun shinkafa, kujeru da rumfa, amsa-kuwwa, mintin rediyo. Haka kuɗin da ya shigo da naira ta Jibiya da Ɗan Isa, a rubuta shi da naira, a rubuta canjin ranar, a mayar da shi sefa. Motar ma'aikatar magajin gari da man ta kuwa ba gudummawa ba ce da za a rubuta, haramun ce ɗungurungum.

Akwai abin da lissafi ba ya iya ɓoyewa. A ɗauka ƙaramar hukuma na da rumfar zaɓe ɗari, jeri ya aje wakili biyu a kowace, ya ba kowannensu jaka biyar ta abinci da sufuri. Miliyan ɗaya ke nan a yini guda. Mai bincike da ya san adadin rumfuna, ya ga sa hannun wakilan a takardun sakamako, sannan ya ga babu wannan layi a lissafi, ya riga ya san akwai wani aljihun.

Masu son koyi da waje na yawan kawo batun ƙayyade iyakar abin da za a kashe. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta sa naira miliyan 5 ga ɗan takarar kansila, miliyan 30 ga shugaban ƙaramar hukuma. Bayan faɗuwar naira daga 2023, wannan adadi ya rage daraja ƙwarai, alhali man fetur ya ninka. Iyakar da ta yi ƙasa da gaskiya tana koya wa kowa ƙarya, har mai gaskiyar. Na fi ganin amfani a ɓangaren tsarin Faransa da ya shafi tushen kuɗi: a garuruwa masu mutum 9,000 zuwa sama dole jeri ya ajiye lissafin kamfe ta hannun ma'aji, mutum ɗaya ba ya ba da fiye da yuro 4,600 a zaɓe guda, wato sefa miliyan uku da ƴan kai, kyautar da ta haura yuro 150 ba a karɓarta da tsaba, kuma tun 1995 kamfanoni ba sa ba ɗan takara ko sisi. Ba duka za a kwafo ba. Sharaɗinsu na ƙwararren akawu, alal misali, zai kori ƴan takara masu ƙaramin ƙarfi, musamman mata, waɗanda dokar Nijar ta 2019 ta ɗaga kasonsu zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe. Takarda mai shafi biyu, da Hausa da Faransanci, ta isa.

Lokacin bayyanawa ya fi komai muhimmanci. Lissafin da aka ajiye wata uku bayan zaɓe na mai bincike ne. Mai ƙuri'a ya riga ya dangwala. A yi sau biyu: na wucin gadi kwana biyar kafin zaɓe, mai ɗauke da sunayen manyan masu bayarwa, sai cikakke kwana 45 bayan naɗa magajin gari. A liƙa a allon kowace da'ira, a bar kowa ya ɗauki hoto da wayarsa, gidajen rediyo su karanta da Hausa. Da yawa daga masu ƙuri'a ba sa karanta boko, amma sunan da aka faɗa a rediyo da safe, kafin azahar ya zaga kowace fada da kowane teburin mai shayi.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya gefen, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ɗan kasuwa da ya taimaki jerin da ya faɗi na tsoron gobe a ƙwace rumfarsa ko a matsa masa da haraji. Shi ya sa wasu ke ba kowane ɓangare a ɓoye. Maganin shi ne mataki biyu: duk kyauta a rubuta ta a littafi, amma sunan da za a liƙa a allo sai na wanda jimillar abin da ya bayar ta haura wani adadi, a ce jaka ɗari biyu. Kalmar jimilla ita ce ginshiƙi, in ba haka ba sai a raba miliyan biyu gida goma sha ɗaya da sunan yaran shago. Sai kuma batun alheri: buhunan azumi, gudummawar biki da ta rasuwa. Ba dokar da za ta hana Bahaushe zumunci. Amma buhun da aka raba cikin wata shidan nan, ɗauke da hoton ɗan takara ko alamar jerinsa, kamfe ne, ko da a ƙofar masallaci aka miƙa shi.

Wa zai duba? Ƙananan hukumomi 266 ne a ƙasar. Ko jeri goma-goma suka tsaya, takardu 2,660 ke nan, kotu ɗaya a Yamai ba za ta karanta su kafin wa'adi ya yi nisa ba. A karɓa a ƙaramar hukuma, a bincika a matakin jiha: duk jerin da ya sami kujera, da wasu daga cikin sauran da za a fitar ta ƙuri'a. Binciken kuma ba zaman ofis ba ne. A nemi rasit daga maɗaba'ar da ta buga hotuna, daga gidan rediyo, daga gidan mai, a gwada da abin da ma'aji ya rubuta. A ba mazauna garin kwana 30 su kai ƙorafi da shaida.

Hukunci shi ne inda irin waɗannan dokoki ke mutuwa. Tara ba ta tsorata wanda ya kashe miliyoyi. Zai sa ta cikin kasafin kamfe tun farko. Tsige kansila ɗaya ma bai wadatar ba, tunda na bayansa a jeri ɗaya ne zai hau kujerar, jerin bai yi asarar komai ba. Abin da zai yi ciwo shi ne a ce jerin da bai ajiye lissafin wucin gadi ba, babu ɗansa da zai tsaya takarar magajin gari ko mataimaki a zaman farko; wanda kuma kotu ta tabbatar ya ɓoye babban mai bayarwa, jagoran jerin da ma'ajinsa su rasa damar takara a zaɓe na gaba. Kuskuren lissafi na jaka goma ko rasit ɗaya da ya ɓace a ba shi mako biyu ya gyara. Sannan duk wanda sunansa ya hau allon manyan masu bayarwa, idan ya nemi fili ko kwangila a wannan ƙaramar hukuma cikin wa'adin, a karanta sunansa a zaman majalisa a rubuta a takardar zama, kansilolin jerin da ya taimaka kuma su fita daga ɗakin har a gama ƙuri'a.