Filtar UV ba ta ƙara wa hoto kyau

Na gaji da jin wai duk wanda ya sayi kyamarar dijital sai ya ɗaura mata filtar UV, wato ɗan gilashin da ake sawa a bakin kyamara, don hoto ya fita tas. Maganar tana da tushe: a zamanin kyamara mai amfani da fim, hasken UV (wani hasken rana da ido ba ya gani) kan sa hoton tsaunuka ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo. Amma kyamarar dijital tana da gilashinta a gaban sensa (abin da ke ɗaukar hoton a cikinta), wanda ke tare yawancin wannan hasken.

Yanzu amfanin filtar kare gilashin bakin kyamara ne; lokacin ƙurar hunturu ni ma ba na cire ta. Sai dai mai arha kan ɓata hoto. Ɗauki hoton fitilun titi da ita da dare, sai ka ga ɗigon haskensu ya sake fitowa a wani gefen.