Kwas ɗin ilimin ƙananan halittu: a rubuta dokokinsa tun makon farko, su hau kan ɗalibi da makaranta

Kowane zangon karatu, matasa masu yawa a jihar Katsina suna fara kwas ɗin ilimin ƙananan halittu, wanda su a bakinsu maikiro ne. Wasu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wasu a Al-Qalam ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wasu a makarantun koyon aikin jinya da kiwon lafiya. Kaɗan ne za su zama masana fannin. Amma a cikinsu akwai wanda zai ɗebi jininka a asibiti, da wadda za ta wanke wa mahaifiyarka miki, da wanda zai sa hannu a takardar da ke cewa ruwan leda ya dace a sha. Shi ya sa yadda ake tafiyar da wannan kwas ya shafi har wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Abin da nake kira a kai shi ne a miƙa wa kowane ɗalibi takarda a makon farko, shafi biyu ko uku, mai ɗauke da abin da ake so daga gare shi, da yadda za a raba maki, da abin da zai sa a fitar da shi daga ɗakin gwaji, sannan da abin da sashen ya ɗauki alkawarin tanadar masa. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma idan babu shi sauran duk barazana ce kawai.

Dokokin ɗakin gwaji sanannu ne. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna cingam ko goro. Ba a zuƙo ruwan gwaji da baki ta bututun awo. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Waya tana cikin jaka, jaka kuma tana nesa da teburin aiki. A wanke hannu kafin a fita. Ɗalibi yakan ɗauki waɗannan a matsayin tsananin Malam, domin abin da ake tsoratar da shi a kai ba ya ganuwa. To a ba shi labarin abin da ya faru a Amurka tsakanin 2010 da 2011. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 109 a jihohi 38 da suka kamu da wani nau'in bakteriyar Salmonella da aka danganta da ɗakunan gwaji na koyarwa da na asibitoci, mutum ɗaya ya mutu. A cikin waɗanda suka kwanta har da ƙananan yara da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba, sai dai gidansu ɗaya da ɗalibi ko ma'aikaci. Bayan haka hukumar ta ja kunne a kan waya da biro da littafi da rigar aiki, abubuwan da ke fita daga ɗakin su tafi gida.

Duk wanda ya san harabar makarantunmu ya san farar rigar nan ta zama kwalliya. Da ita ake zama wurin mai shayi, da ita ake shiga motar haya a kan hanyar Dutsin-Ma, a dawo gida a rataye ta a ƙusa a ɗakin da ƙanne ke wasa. Dokar da zan fi so a rubuta da manyan baƙaƙe ita ce farar riga ba ta ƙetare ƙofar ɗakin gwaji sai a ƙulle cikin leda za a kai ta wanki, kuma ba a haɗa ta da kayan gida.

Akwai maganar sutura da malamai da yawa ke jin nauyin furtawa, alhali shirun ya fi maganar haɗari. Harshen wutar gas da ake ƙona siririn ƙarfen ɗibar ƙwayoyi a kai shuɗi ne, da rana da ƙyar ake ganinsa, ga kwalbar sifirit a gefe. Mayafi mai lilo, da dogon hijabi, da hannun babbar riga duk suna iya kamawa. Babu wanda zai ce wa 'yar Katsina ta buɗe kanta, kuma ba a buƙatar haka. Ƙaramin hijabi na auduga da za a cusa cikin wuyar farar riga ya rufe jiki, ya kuma kawar da haɗarin. A rubuta shi a takarda, ta yadda ba sai an tsayar da yarinya a gaban 'yan aji ana yi mata faɗa ba. Haka nan a rubuta cewa mai juna biyu, ko wanda garkuwar jikinsa ke da rauni, ya sanar da malami a keɓe domin a san irin aikin da za a ba shi, kuma maganar ta tsaya tsakaninsu. Matan aure suna da yawa a azuzuwanmu.

Sai zancen halarta. Yawancin jami'o'in ƙasar nan suna shardanta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa. Ina goyon bayan dokar, amma bai kamata a zuba lakca da firaktikal a ma'auni ɗaya ba. Lakcar da ta wuce ka, za ka iya aro littafin aboki ka kwafa. Aikin hannu ba ya kwafuwa.

Ɗauki rinin Gram, wanda likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, har yau kuma yana cikin abubuwan farko da ake yi wa samfur a asibiti. Za ka shafa ƙwayoyin a kan ɗan gilashi, ka bari su bushe, ka gitta shi ta kan wuta don su manne. Ka zuba rini shunayya na kamar minti ɗaya, ka ɗauraye, ka zuba aidin na minti ɗaya, sannan sifirit na 'yan daƙiƙu kawai, sai jan rini a ƙarshe. Ƙwayoyin da bangon jikinsu ke da kauri sukan riƙe shunayya, sauran su fito ruwan hoda. Duk sirrin yana cikin 'yan daƙiƙun sifirit ɗin nan. Idan hannu ya yi nawa, mai shunayya ma sai ta saki launi ta fito ruwan hoda. A ruwan ƙashin bayan yaron da ake zargin sanƙarau, ƙwayoyi biyu da aka fi samu kowacce a manne bibbiyu take fitowa, launi ne ke raba su: Streptococcus pneumoniae shunayya, Neisseria meningitidis ruwan hoda. Ta biyun ce ta fi tayar da annoba a yankinmu, ita ce ta haddasa ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta kuma kashe fiye da mutum 1,000. Ɗalibin kwas na farko ba zai taɓa irin waɗannan ba, da marasa haɗari zai koya, amma hannun da zai raba su wata rana a nan ake horar da shi. Wanda ya haddace matakan bai taɓa riƙe gilashin ba, tela ne da bai taɓa taka keke ba.

Ƙwayoyin kuma ba su jiran kowa. Farantin gwaji da aka shuka ƙwayoyi a kansa yau ana ajiye shi a zafin digiri 37, a duba shi bayan awa 18 zuwa 24. Bakteriyar E. coli, idan ta sami yadda take so, takan ninka kanta duk minti 20, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 16 cikin awa 8. Don haka wanda ya shuka ranar Alhamis, dole ya dawo Juma'a da safe kafin a tafi masallaci, kuma mai tsara jadawali ya kamata ya lissafa wannan tun farko.

Duk da haka, dokar da ba ta san uzuri ba zalunci ce. Ana rasuwa, ana haihuwa, ana kwanciya asibiti, kuma ɗalibin da iyayensa ke Batsari ko Jibiya ko Faskari ya san akwai ranar da hanya ba ta biyuwa. A ware mako ɗaya na ramuwa a ƙarshen zango ga masu uzuri tabbatacce, a faɗi wanda za a kai wa uzurin da kuma wa'adinsa. In ba a rubuta ba, sai abin ya koma “Malam, don Allah a taimaka”, mai baki ya samu, mai kunya ya ɗauki kari-oba.

A wajen maki ma haka. An saba ba aikin cikin zango kashi 30 ko 40, jarrabawa ta ɗauki sauran. A faɗa wa ɗalibi nawa ne rabon aikin hannu a ciki, kuma kada ya zama ɗan abin da za a iya yarwa a ci kwas ɗin. Abin da ya fi damuna a nan shi ne al'adar ba da maki ga sakamako mai kyau maimakon sakamako na gaskiya. A lokacin hunturu, ƙurar Katsina tana shiga ko'ina. Ka buɗe faranti ka juya ka yi magana, gobe ka tarar da fumfuna ta rufe shi. Ɗalibin da ya rubuta cewa farantinsa ya gurɓace, ya kawo dalilin da yake zato, ya fi cancantar maki a kan wanda ya zano hoton littafi ko ya sa manhajar waya ta rubuta masa rahoto. Idan muka saka wa na biyun, mun koya masa rubuta sakamakon da ake so a gani, kuma da wannan halin zai zauna a bayan tagar karɓar sakamako a asibiti.

Yanzu ɓangaren makaranta. Wanda ya ce kada a yi fashi, wajibi ne a zo a tarar da abin yi: madubin ganin ƙananan halittu mai aiki, rini da bai lalace ba, ruwa da sabulu a bakin ƙofa, wutar da za ta riƙe na'urar ɗumama dare guda, da tukunyar tururi da ke kai digiri 121 na minti 15 domin kashe abin da aka shuka kafin a zubar. Farantin da aka jefa a bola ba a dafa shi ba, yaran da ke tsince-tsince ne za su buɗe shi.

Malamai za su ce ɗalibai sun yi yawa, kuɗi sun yi kaɗan, kuma gaskiya suka faɗa. Na san akwai masu sayen rini da albashinsu. Sai dai kwas na farko ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. Tukunyar girki mai matsi irin wadda ke kai wancan zafin tana iya tsayawa a madadin babbar na'ura, fitilar sifirit tana aiki idan babu gas, madubi mai ɗaukar hasken rana ba ya jiran wutar lantarki, aji kuma ana iya raba shi rukuni-rukuni. Abin nazari ma yana kasuwa: kindirmo cike yake da bakteriyar da ke tsinka madara, daddawa aikin bakteriyar Bacillus ce a kan kalwa, ga yisti na masu burodi. Manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A jihar da ke cikin waɗanda kwalarar 2021 ta fi yi wa ɓarna, shekarar da aka yi zargin sama da mutum 100,000 sun kamu a faɗin Najeriya, ban ga abin da ya fi cancantar wannan gurbi kamar gwada ruwan rijiya da na 'yan garuwa ba, muddin za a liƙe farantin a duba ta murfi, kada ɗalibi ya buɗe abin da bai san ko mene ne ba.

A cikin takardar a kuma rubuta ƙarara cewa sayen handawut ba shi da alaƙa da maki, a faɗi ranar da za a dawo wa ɗalibi da rahotonsa an duba, shugaban sashe ya sa hannu, a liƙa kwafi a ƙofar ɗakin gwaji. Idan kuwa wani sashe ya ga ba zai iya yin aikin hannu a wani zango ba, ya faɗa a rubuce, ya nemi aron ɗakin gwaji a wata makaranta ko ya ɗage wannan ɓangaren zuwa zango na gaba, maimakon a zana faranti a allo a ba da maki.