Karatun 'ya'ya a gida: a san jarrabawar da za su zauna kafin a sayi manhaja

Kwanakin baya na leƙa gidan ƙanwata a unguwar Rikkos da ke Jos da hantsi, na tarar falonta ya koma aji. An jingine farin allo a jikin kujera, yara uku suna kan darduma cikin rigunan sanyi, ita kuma tana tsaye da maka a hannu, ga goyo a baya. Ta cire su daga makarantar kuɗi ne bayan kuɗin zango da na Keke sun fi ƙarfin albashin maigidan, halin da gidaje da yawa suka shiga tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ban ga laifinta ba, kuma har yanzu ban gani ba.

Abin da ya tayar mini da hankali littafin babban yaron ne, ɗan shekara goma. Lissafin ciki duk na dala da senti ne, awo kuma da inci da mil. Na tambaye shi ƙananan hukumomi nawa ne a Filato, ya yi shiru yana kallon uwarsa. Goma sha bakwai ne, kuma a ɗaya daga cikinsu aka yanke masa cibiya. "Yaya, ai cewa aka yi wannan ta fi tamu," in ji ta. A intanet ta ga manhajar karatun, daga Amurka, ta biya da kuɗin adashenta.

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zaure aka karantar da kakanninmu, kuma tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara yadda jajis, wato malamai mata, za su riƙa kai ilimi ga mata har cikin gidajensu. Mu mutanen Jos muna da ƙarin dalili. Wanda ya ga rikice-rikicen Satumban 2001, Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ya san yadda zuciyar uwa ke bugawa idan gari ya ɗauki zafi alhali ɗanta yana wancan gefen gari. Rufe makarantu da aka yi a Maris na 2020 saboda korona shi ma ya nuna wa wasu iyaye cewa za su iya. To amma iya koyar da baƙaƙe daban, riƙe karatun yaro na shekara goma sha biyu daban.

Ra'ayina shi ne, daga ƙarshe ake fara zaɓen manhaja. Wace jarrabawa yaron nan zai zauna, wace takarda zai riƙe? Idan jami'ar Najeriya ake nufa da shi, to hanyarsa WAEC ko NECO ce, sannan JAMB, da kiredit biyar. Waɗannan jarrabawa a kan abin da ake koyarwa a ƙasar nan ake tsara su, kuma hukumar NERDC da ke Sheda a Abuja ce ke fitar da manhajar makarantunmu. Ita ya kamata ta zama ƙashin bayan karatun gida. Littattafanta suna nan a shagunan Taminus, ba a biyan su da dala. Duk wani abu na waje, bidiyo ne ko darasin kwamfuta, ƙari ne a kai.

Masu hali kan nufi jarrabawar IGCSE ta Kembrij, wadda ake iya zama ta hannun British Council ba tare da makaranta ba. Hanya ce sahihiya, sai dai kuɗinta yana tafiya ne da canjin kuɗin waje, kuma wanda ya ɗauke ta ya tabbata zai iya kai ta ƙarshe. Manhajojin Amurka da suka fi yawo kuwa, irin su Abeka da ACE, an gina su ne a kan koyarwar Kirista, kuma masu su ba su ɓoye hakan ba. Iyalin da suka zaɓe su da sani sun san abin da suka saya. Wanda bai buɗe littafi ya karanta kafin ya biya ba shi ne ke shiga ruɗani.

Sai maganar doka, wadda mutane ke tsallakewa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan. Ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. A kan halartar makaranta ta yi magana, ba ta shimfiɗa wa mai karantarwa a gida wata hanya ba. Don haka mai hankali ba ya yanke hulɗa da makaranta gaba ɗaya. Ya nemi wata mai rajista ya yi magana da hedimasta, yaro ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango, a ajiye masa sakamako a rubuce. A sama kuma akwai ƙofa: WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu. Amma ɗan da ke son likitanci yana buƙatar ya taɓa kwalba da ma'auni a ɗakin gwaji, kuma falo ba zai ba shi wannan ba.

Nauyin yau da kullum kusan duka a kan uwa yake sauka, gara a faɗi gaskiya. Ita ce malama, ita ce mai girki, ita ce mai karɓar baƙi, kuma a gidan Bahaushe ba a korar baƙo don ana darasi. Suna, biki, gaisuwar rasuwa, kafin a ankara mako ya tafi. Maigidan da ya ce a yi karatu a gida, sannan ya fita tun asuba sai dare, bai ɗauki kasonsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda na ga abin yana tafiya, gidaje uku ko huɗu ne suka haɗu, suka tsayar da lokaci daga takwas zuwa sha biyu, suka ɗauki malamin lissafi da kimiyya suna raba kuɗinsa, Islamiyya kuma tana nan da la'asar yadda aka saba.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka ci mini tuwo a ƙwarya. Rikice-rikicen da muka sha sun raba garin nan unguwa-unguwa. Ni na yi aji ɗaya da 'ya'yan Birom da Anaguta da Ibo da Yarbawa, mun ci abinci a kwano ɗaya, kuma har gobe idan aka zo mini da wata jita-jita a kan su, fuskokinsu nake fara tunawa. Yaron da ya tashi a Unguwar Rogo ko Gangare, aka kuma tsare shi a falo, yana iya kai shekara sha biyar bai yi aboki ko ɗaya daga wancan ɓangaren ba. Haka ma takwaransa na Tudun Wada ko Kabong. Duk mai karantarwa a gida a Jos bashi ne a kansa ya nema wa ɗansa inda zai yi cuɗanya: filin ƙwallo, ɗakin karatu, ziyarar gidan tarihi, shagon koyon sana'a.

Ƙanwata ta ajiye littattafan dala a saman kabad. Ta samo na aji biyar na gida, ta kuma je ta ga hedimastan wata firamare da ke kusa da su, ya yarda yaran su zo jarrabawar zango. Babban zai zauna ta shiga sakandare baɗi, kuma ran Asabar ni ne mai kai shi ƙwallo.