Kyasuwar Naira Dubu Talatin

Tunda maƙwabcina Malam Sule ya riga ya kai rabin labarin majalisa, gara in ba da shi da bakina, ko ba komai a ji shi daidai.

Kun dai san ɗan filin nan da ke jikin katangarmu, wanda rana ke duka tun hantsi har la'asar sakaliya. Sau biyu ina dasa fure a wurin, zafin Afrilu na Kano yana soya shi kamar an watsa masa tafasasshen mai. Sai na ga hotunan gidajen Amurka a Facebook, wata ciyawar ado mai kai kamar jelar kyanwa tana rangaji a iska. Aka ce rana ba ta dame ta ba, ruwa ma kaɗan take sha. Mutumin da ke cikon tanki da ruwan 'yan garuwa ai ba sai an faɗa masa sau biyu ba.

Farkon damina na tafi wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Yaron ya nuna min ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, na ce ba magani na zo nema ba. Ya nuna min kiri-kiri ta shimfiɗa, na ce wannan ai a bakin kwatarmu ma akwai ta. Ya dube ni, ya dubi motata, ya zagaya baya ya fito da wasu ƙananan baƙaƙen ledoji. "Alhaji, wannan ta manya ce, fawuntin giras. Daga waje take." Leda ɗaya dubu biyu da ɗari biyar. Na ɗauki goma sha biyu, har ina jin daɗin ya ƙara min ɗaya kyauta.

Gaskiya ta yi kyau. Zuwa ƙarshen Satumba ta kai min ƙugu, ta fitar da kai mai laushi, ja-ja haka. Ranar wata Lahadi abokan aikina uku suka zo, na sa aka shimfiɗa darduma daidai gabanta, ina ta zuba musu bayani. Malam Sule ma ya shigo, ba wanda ya gayyace shi. Muna cikin haka Kawu ya yi sallama, daga ƙauye ya taho da ɗan buhunsa na gyaɗa.

Ko zama bai yi ba. Ya tsaya a kan ciyawar nan ya yi shiru. Ya sa hannu ya tsinke kai ɗaya, ya murza a tafinsa, ya hure, ya shinshina. Sannan ya waiwaya yana leƙa lungunan gidan.

"Ɗan nan, akuya kuka saya?"

"A'a Kawu."

"To wa ake tara wa kyasuwar?"

Na yi 'yar dariya irin ta mai ilimi. Na ce Kawu ba kyasuwa ba ce, kama ce kawai, wannan ta ƙasar waje ce, saye ma na yi. Wallahi da na tsaya a "kama ce kawai" da na tsira. Bakina ne ya kai ni.

"Saye?"

"E, Kawu."

"Nawa?"

Na rage murya na ce dubu biyu da ɗari biyar.

"Dami?"

"Leda."

"Leda kamar yaya?"

Na nuna masa da hannu, kamar girman kofin shayi. Kawu ya ajiye buhun gyaɗarsa a hankali. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ƙirga gindin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki, ba wanda ya ce uffan. Da ya kai goma sha uku ya ce, "Ikon Allah. Shekara hamsin ina biyan yara su nome min ita a gonar gero, ashe arziki nake zubarwa a kan iyaka."

Abokan aikina mutanen kirki ne. Ɗaya ya dinga tari, ɗaya ya ce ana kiransa a waya, alhali wayar tana kan darduma. Amma Malam Sule? Mutumin nan kwanciya ya yi. Kwanciya, a kan dardumata, yana dukan ƙasa, har ya zubar min da shayi. Shi da ya ari tsanina tun azumin bara zai gyara tauraron ɗan adam, har yau in na tambaya sai ya ce yana wurin ƙaninsa. Shi da akuyarsa ta cinye min zogale ƙurmus bai ko ce in yi haƙuri ba. Kuma da ya tashi yana share hawaye, cewa ya yi, "Ni ma fa na so in faɗa maka tuntuni." Wata uku yana wucewa yana cewa "Masha Allah, gida ya zama Turai."

Da dare na shiga intanet don in wanke kaina. Abin da na tarar bai taimaka ba. Ita fawuntin giras ɗin ta gaske asalinta ma Afirka ne da ƙasashen Larabawa, daga nan aka kai ta Amurka. Kuma ita da kyasuwa da gero duk dangi ɗaya ne, masana suna ce musu Pennisetum. Bambancin shi ne ta gasken tana shekaru a gindinta, kyasuwa kuwa damina ɗaya take yi, ta zubar da iri ta mutu. Na ce wa uwargida to a jira a gani, lokaci ne zai raba gardama.

Nuwamba na kamawa ta bushe ƙayau, duk goma sha ukun.

Na koma wurin yaron, aka ce ya tafi gida girbi. Kawu kuwa ya aiko direban motar ƙauyensu da dami guda cur, wai kyauta ce, kada in kuskura in biya. Yana nan jingine a bayan gareji. Uwargida ta zuba yakuwa a filin, tana yi da kyau.

Jiya Malam Sule ya turo ɗansa, wai idan ba na amfani da damin a ba akuyarsa. Na ce ya je ya kawo tsani tukuna. Yaron bai dawo ba.