A fara darasin ɗan ƙasa daga ƙuri'ar kaka

Ka shiga ajin SS2 a makarantar sakandare a Sakkwato ka tambayi ma'anar dimokuraɗiyya, ɗalibai za su rero maka ita kamar karatun allo. Ka tambayi shekarar da macen Arewa ta fara jefa ƙuri'a, sai aji ya yi tsit. Darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda aka daɗe ana zana jarrabawarsa a WAEC da NECO, ya zama hadda: ma'ana, rabe-rabe, amfani guda biyar. A ganina gyaran yana kusa. A koya wa yara tarihin waɗanda aka hana ƙuri'a, a fara kuma daga gida.

A 1922 tsarin mulkin Clifford ya kawo zaɓe Najeriya, amma kujeru huɗu ne kacal, uku a Legas, ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta ma cikin majalisar. Da zaɓe ya iso nan a 1951, hawa-hawa aka yi shi: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai lardi, inda En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ke da damar cusa nata mutane. Kafin muryar talaka ta haura matakan nan ta dusashe, kuma wannan na cikin abin da NEPU ta Malam Aminu Kano ta yaƙa.

A zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da Yamma sun yi zaɓe, na Arewa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan neman wannan haƙƙi. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar, ya kuma rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. Zaɓen shugaban ƙasa na farko da matanmu suka shiga shi ne wanda ya kai ɗan wannan jiha, Alhaji Shehu Shagari, kan mulki. A ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don ilimantar da mata tun ƙarni na 19, wannan jinkiri abu ne da ya kamata a tattauna a aji ba tare da nuƙu-nuƙu ba.

Yarinyar da ta cika 18 a 1979 an haife ta a 1961. Yau kaka ce, tana nan da ranta a Rijiyar Ɗorowa ko Wamakko ko Gwadabawa. Malami ya ba ɗalibai aikin gida mai tambaya uku: Kaka, yaushe kika fara zaɓe? Wa ya raka ki rumfa? Kin ga zaɓen ƙato-bayan-ƙato na zamanin Babangida, da ake layi a fili kowa na ganin wanda ka zaɓa? Daga amsar tambaya ta uku yaro zai gane da kansa dalilin da ya sa ake dangwala ƙuri'a a asirce.

Sai a gwada zaɓen a aji, yadda INEC ke yi. A buɗe rajista mako guda kafin ranar, wanda bai yi ba ba zai yi zaɓe ba, ko da shi ne shugaban ɗalibai. A tanadi takardu masu alamomi, tawada, kwali a matsayin akwati, da wakili ɗaya ga kowane ɗan takara. A ƙirga a gaban kowa, wakilai su sa hannu, a manna sakamako a bango. Ƙuri'u za su lalace, kuma darasin yana nan: wani ya dangwala a kan layin da ya raba alamomi biyu, wani ya naɗe takardar tawada ba ta bushe ba ta shafi wata alama. Malami ya ware su, ya ƙirga, sannan ya rubuta 342 a allo. Tazarar da ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu ke nan a zaɓen gwamna na 2019, bayan an ƙarasa zaɓen da bai kammalu ba, a jiha mai ƙananan hukumomi 23.

Batun zama ɗan ƙasa ma a nan ya fi kowane wuri rai, don iyakarmu da Nijar ta ratsa dangi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya ɗan ƙasa ne ta haihuwa muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne. Ke nan yaron da aka haifa a Ƙonni, uwarsa 'yar Illela, ɗan Najeriya ne cikakke. Sashe na 26 kuwa ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba. A bar ɗalibai su yi muhawara ko hakan adalci ne.

Wani zai ce wannan shigar da siyasa makaranta ne. Damuwar tana da tushe, shi ya sa a gwajin aji kada a yi amfani da sunan jam'iyya ko alamarta, a zana tulu da fitila da keke. Amma da yawa cikin 'yan SS3 sun kusa cika 18, kuma tun gyaran 2018 mai shekara 25 na iya takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Kafin su bar makaranta a gaya musu abu uku: rajista sau ɗaya ake yi, yin biyu laifi ne, wanda ya sauya gari sauya rumfa zai nema, kuma 'yar takardar da ake bayarwa ranar rajista ba ta zaɓe, sai an koma an karɓi katin dindindin.