Ba a ba da tarihin fim a Nijar a tsallake Jean Rouch

Tun jiya abin nan yake cina. Wani matashi ya rubuta cewa Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, ɗan mulkin mallaka ne kawai da ya zo ya ɗauki hotonmu ya kai wa Turawa su yi dariya, kuma mutane suka yi ta yaba masa. Na tambaye shi fim ɗin Rouch nawa ya taɓa kallo, har yanzu shiru.

Ba na jayayya da cire sunansa daga cibiyar al'adu ta Yamai aka sa na Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar. Moustapha ɗanmu ne, ya cancanta. Amma canza suna a bango daban, goge mutum daga tarihi daban. Wallahi ba a ba da labarin fim a Nijar a tsallake Rouch.

Mutumin nan ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi. A nan ya haɗu da Damouré Zika, ɗan Sarkawa, abotar da ta wuce shekara 60. Ya ɗauki fim a kan farautar dorina a kogin Kwara, sannan ya kwaso majigi ya koma Ayorou ya haska wa mafarautan. Suka kalla, suka ce masa kiɗan da ya sa bai dace ba, domin farautar dorina da shiru ake yin ta, kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara mata. Ya saurare su, ya bar wannan ɗabi'ar. Bature nawa ne a wancan zamanin zai zauna masunta su gyara masa aikinsa?

Oumarou Ganda fa? Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Indochine yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Rouch ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir a 1958, ya ba shi makirufo ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Gandan nan shi ne ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Kuna alfahari da Ganda, kuna zagin wanda ya buɗe masa ƙofa. Ina hankali a nan?

Na san za a kawo mini Les Maîtres fous, fim ɗinsa na 'yan borin Hauka a Akra, da kumfa a baki da yankan kare. Na kalla, ya tayar mini da hankali. Na kuma san Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya faɗa masa a gaban idonsa cewa yana kallonmu kamar ƙwari. To, Sembène ya kalli aikin kafin ya yi magana, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Ku soki Rouch, amma ku kalla tukuna. Ku kalla kafin ku yanke hukunci, abin da nake roƙo ke nan.

A ƙasarmu Rouch ya mutu, ranar 18 ga Fabrairu 2004, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, yana da shekara 86. Damouré da Moustapha Alassane ɗin da ake son a raba su da shi suna cikin motar nan tare da shi. A Yamai aka binne shi.

Abin da ya fi ba ni takaici ma, yarana sun haddace jaruman Indiya kaf, amma na nemi fim ɗin Cabascabo na Ganda in nuna musu, na zagaya masu tura fim a waya a unguwarmu, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Duk mai kwafi mai kyau, don Allah ya yi mini magana.